Shekarar da Baiwa ta Bar Lalle

Baiwa 'yar Argungu ce, 'yar gidan masunta. Mahaifinta saƙar homa da taru yake yi, ita kuwa tun kafin ta iya ɗaura zani da kyau ta iya gyaran kifi. Aure ne ya kawo ta Birnin Kebbi, gidan Maigandi da ke unguwar Nasarawa, manomin shinkafa mai gona a fadamar Zauro. Ta yi shekaru tana dafa wa 'yan ƙwadagonsa abinci lokacin yankan shinkafa, kuma duk wanda ya taɓa cin miyarta a gonar nan ba sai an roƙe shi ya dawo aiki baɗi ba.

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato. Yawancinsu can suka baro iyalansu, don gidajen haya sun yi ƙaranci. Baiwa ta ga manyan mutane da manyan riguna suna cin ƙosai a tsaye da rana tsaka, sai ta dawo gida ta sami mijinta.

"Malam, shinkafa na cikin rumbunka, kihi na garinmu, ga bayin Allah na jin yunwa. Mi muke jira?"

Maigandi mutum ne mai sanyi, ba ya son hayaniya, amma ya san in matarsa ta faɗi abu ta riga ta gama auna shi. Ya kafa mata rumfar zana a bakin hanyar Gwadangaji. Tuwon shinkafa ne da miyar kifi, wani lokaci karfasa, wani lokaci tarwaɗa, kuma yayanta Hodi ne ke aiko mata da kifin daga Argungu. Kafin a yi nisa rumfar ta cika, har 'yarta Zakiyya ta riƙa zuwa tana taya ta bayan an tashi makaranta.

Tun tana budurwa Baiwa ke da wasu tabo a gwiwar hannu da ƙeya, masu farin ɓawo da ke zuba in an sosa. A gidansu kirci ake ce musu. Sukan tashi da sanyi su kwanta da zafi, ita kuma takan shafa musu man kaɗe ta ci gaba da harkarta. Ba su taɓa hana ta komai ba.

Bayan rumfar ta yi 'yan shekaru sai faratanta suka fara canzawa. Da farko wasu 'yan ramuka ne suka fito a kansu, kamar an tsattsaga su da bakin allura. Daga nan farcen babban yatsanta na dama ya soma rabuwa da nama daga baki, ya yi rawaya, wani farin gari-gari yana taruwa a ƙarƙashinsa. Ta riƙa sa tsinken tsintsiya tana ƙwaƙule shi, farcen kuwa sai ƙara ɗagawa yake yi. Da abin ya yaɗu zuwa wasu yatsun sai ta koma ga lalle. Takan cusa hannu a zunguru har faratan su yi ja su koma baƙi-baƙi, yadda ba mai ganin abin da ke ƙasa sai ya ƙura ido.

Wata rana wani akawu mai suna Mujtaba ya ƙura idon. Tana miƙa masa kwano ya ga babban yatsan, bakin farcen ya karye ya bar gurbi. Ya ajiye kwanon a kan benci bai ci ba, ya tashi ya tafi. Cikin mako guda mutanen rumfar suka ragu, tuwo ya fara kwana. Zakiyya ce ta jiyo maganar a bakin 'yan kabu-kabu, ta zo ta faɗa wa uwarta tana hawaye.

"Inna, cewa suke kuturta ta kama ki."

Maigandi ya ba da shawarar ta zauna gida ta riƙa dafawa, Zakiyya ta riƙa sayarwa, har maganar ta mutu.

Baiwa ta ce, "Magana irin wagga ba ta mutuwa, Malam. In ita ce, gara in sani. In ba ita ba ce, gara su sani. Gobe asibiti za ni."

A asibitin gari aka tura ta wani ɗaki a can gefe, inda ake duba masu ciwon fata. Wadda ke riƙe da ɗakin Sista Cecilia ce, 'yar Filato, mace gajera mai furfura a gaban kai, wadda ta daɗe tana aiki da kutare kafin a kawo ta Birnin Kebbi. Ba ta ja baya da hannun Baiwa ba. Ta kama shi ta juya, ta sa ta rufe ido, ta riƙa taɓa yatsunta da tabon gwiwar hannun da auduga tana cewa ta nuna inda ta ji. Baiwa ta nuna ko'ina daidai. Sista ta lalubi jijiyar bayan gwiwar hannu, ta duba fuska da kunne, ta buɗe ɗankwali ta ga ƙeya.

"Mama, wannan ba kuturta ba ce. Kuturta kashe jin taɓi take yi, ke kuwa har audugar nan kina ji. Na ga kutare fiye da yadda zan iya tunawa, ki kwantar da hankalinki."

Ta kankari ɗan garin ƙarƙashin farcen ta aika ɗakin gwaji, don a tabbatar ba irin cutar makero ba ce da ke cin farce. Da sakamako ya fito ba a ga komai ba, sai ta faɗa mata sunan abin. Soriyasis ake ce masa. Ba a ɗaukarsa ta abinci ko musabaha, yakan bi dangi a wasu gidaje, kuma tabon fatar da lalacewar faratan duk ciwo ɗaya ne. Ba ya tafiya gaba ɗaya, amma ana iya kwantar da shi.

"To, a ba ni maganin," in ji Baiwa.

"Magani kala-kala ne, kuma ya danganta da yadda abin ya yi tsanani. Akwai na shafawa, akwai ƙwaya mai ƙarfi wadda ba a ba mutum haka kawai. Kafin a san wanda ya dace da ke sai na auna faratan nan, ni kuwa ba na ganinsu. Kin rufe mini su da lalle."

Sista ta kama nata babban yatsan ta nuna mata. Ta ce farce daga gindi yake tsirowa, ƙarƙashin fata, sannan ya kwanta a kan nama ya yi gaba. In ciwon ya taɓa gindin, sai farcen ya fito da ramuka ko ya fito yana marmashewa. In naman ƙasa ya taɓa, sai farcen ya ɗaga, ko a ga rawaya kamar an ɗiga mai, ko 'yan layukan jini sirara. Ramuka da marmashi ana iya jinsu da yatsa, amma launi sai ido ya gani, kuma lalle ya cinye launin.

"Sai ki bar lalle har sabon farce ya fito. Zai ɗauki watanni."

Baiwa ta dubi faratanta. Lallen nan shi kaɗai ne suturar hannunta, kuma a gaban mutane take aikinta.

"Watau in hito musu da su tsirara."

"Haka nake nufi, Mama."

"To, na ji. Mi kuma?"

Sista ta ce ta riƙa yanke su gajeru, ta daina ƙwaƙular ƙarƙashinsu ko da tsinke ne, don hakan ke ƙara ɗaga su. Ta rage zama da hannu cikin ruwa, in ya zama dole ta sa safar roba. Ta ba ta man shafawa na gindin farce, da wani baƙi mai warin kwalta na gwiwar hannu da ƙeya.

Washegari da rana, lokacin da 'yan mutanen da suka rage mata suka zauna, Baiwa ta tsaya a tsakiyar rumfa ta ɗaga hannuwanta biyu.

"Ku duba da kyau, kada ku riƙa satar kallo. An ce kuturta ce. Na tahi asibiti an gwada ni, ba ita ba ce, kuma ba a ɗauka. Wanda bai yarda ba ya je ɗakin masu ciwon hwata ya tambayi Sista Cecilia, na ba ta izini ta hwaɗa mishi. Wanda ya yarda, ga tuwo nan da zahi."

Wani tsohon masinja ya yi dariya ya miƙa kwanonsa. Ba ranar aka dawo duka ba. Wasu sun dawo bayan mako, wasu bayan wata, wasu kuma ba su ƙara taka rumfar ba har aka canza musu wurin aiki. An ce Mujtaba ya je asibitin ya tambaya da kansa. Ya dawo wata ranar Litinin ya zauna a ƙarshen benci, Baiwa ta zuba masa kamar kullum, ba wanda ya tayar da zancen.

Aikin rumfar ya sake tsari. Gyaran kifi da wanke-wanke suka koma hannun wata mata da ta ɗauka, ita kuma ta riƙe muciya da mara da tukunyar miya. Barin gyaran kifin ya fi komai yi mata ciwo, takan tsaya a kan matar tana gyara mata riƙon wuƙa har sai Zakiyya ta janye ta.

Lallen kuwa bai goge ba, tafiya ya riƙa yi. Sabon farce na tsirowa daga gindi yana tura jan zuwa baki, har aka sami iyaka a fili tsakanin tsoho da sabo. Da iyakar ta wuce tsakiya sai ta koma asibiti. Sista Cecilia ta zaunar da ita kusa da taga, ta ɗauko gilashin ƙara girma, ta yi murmushi.

"Ashe lallen naki zai yi mana amfani. Duk abin da ke ƙasan layin nan bayan kin fara magani ya fito. Na sama tsohon labari ne."

Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. A kowane farce tana duba irin ɓarnar, ta gindi ce ko ta nama, sannan ta duba yawan wurin da ta ci, gefe ne kawai, rabi ne, ko duka. Tana yi tana faɗa wa Baiwa. Ƙananan yatsun hagu 'yan ramuka ne jefi-jefi, kuma sabon da ya fito ya fi tsohon santsi. Na tsakiya akwai ɗigon rawaya a gefe. Manuniya da babban yatsan dama su ne suka fi shan wuya, sun ɗaga fiye da rabi. Ta sa ta cire takalmi ta duba na ƙafa. Sannan ta matsa gaɓoɓin da ke kusa da faratan ɗaya-ɗaya.

"Akwai zafi? Da safe yatsun kan sandare?"

"A'a."

"Me kike yi da, wanda yanzu ya gagare ki?"

Baiwa ta yi tunani. "Tsintar tsakuwa cikin shinkafa. Da kwance ƙulli in ya ɗauru da ƙarhi. Sauran ina yi."

Sista ta ce wannan ma cikin awon yake, don farce biyu da suka hana mutum sana'arsa sun fi goma da ba su hana shi komai ba. Ranar akwai likitan fata da kan zo daga Sakkwato lokaci-lokaci. Ya duba, ya saurari bayanin Sista, suka tsaya a kan cewa na Baiwa matsakaici ne. Gaɓoɓi lafiya lau, sabon farce na nuna sauƙi, don haka man shafawa ya isa, ba ta bukatar ƙwaya.

Baiwa tana ɗaura ɗankwali za ta fita likitan ya tambaye ta ko a danginsu akwai mai irin wannan. Ta buɗe baki za ta ce babu, sai ta tsaya. Ta tuna mahaifinta a ƙarshen rayuwarsa, ya bar saƙa, kullum hannuwansa cikin riga, ana ajiye masa akushinsa daban. Tana yarinya lokacin, ba wanda ya yi mata bayani. Ta kuma tuna cewa Hodi ya daɗe bai leƙo Birnin Kebbi ba. Kifin ma yanzu ta hannun direba yake aikowa, kuma da Sallah da ta je gida ya gaishe ta ne daga cikin ɗaki, ya ce zazzaɓi yake yi.

Ranar Juma'a ta bar wa Zakiyya rumfa ta hau motar Argungu. Ta sami matar Hodi, Inno, a tsakar gida. Inno ta ja ta gefe ta ce maigidan ya fi shekara bai taɓa zaren saƙar taru ba, bai kuma fita su ba. Kifin da ake aika mata saye yake yi a bakin ruwa. Shi da kansa ya ce a ware masa akushi da moɗa, ya hana jikokinsa hawa jikinsa.

Hodi na zaune a zaure, hannuwansa cikin aljihun riga, ga akushin tuwo a gabansa bai buɗe ba. Baiwa ta gaishe shi, ta zauna, ta buɗe akushin ta sa hannu.

"Ke Baiwa, bari. Kada ki ci wannan."

"Yunwa nike ji, Yaya. Sa hannu mu ci."

Ya ƙi. Sai ta shimfiɗa nata hannuwan a kan tabarma, faratan rabi fari rabi ja. Ya daɗe yana kallonsu, sannan a hankali ya fito da nasa. Kusan duk faratan sun marmashe, wasu ɗan kututture kawai ya rage. Gaɓoɓin bakin yatsun sun kumbura, manuniyar hagu kuwa ta kumbura tun daga tushe har baki kamar kuɓewa.

Ya ce, "Ciwon Baba ne. Na san ƙarshenshi. In na tahi asibiti, unguwar kutare za su kai ni."

Ta yagi ɗan zare daga bakin mayafinta, ta ce ya rufe ido, ta ja zaren a bayan yatsunsa. Ya ji ko'ina.

"Ni ba likita ba ce, Yaya, ba zan ce maka ga abin da ke gare ka ba. Amma haka anka yi min, kuma na ga naka ya yi kama da nawa, sai dai ya hi nawa nisa. Akwai wadda ta san aunawa. Tashi mu tahi."

Bai tashi ranar ba. Ya ce sai ya yi shawara, sai bayan kasuwa, sai ruwa ya janye. Baiwa ta aika wa Maigandi cewa tana nan Argungu sai abin da hali ya yi, ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakin Inno. Kowane cin abinci sai ta zo ta sa hannu a akushinsa. Da ya ga ba ta da niyyar tafiya, kuma ya san rumfarta na can hannun yarinya, sai ya ce a ɗauko masa babbar rigarsa.

Sista Cecilia ta yi masa duk abin da ta yi wa ƙanwarsa, har da gwajin kuturta na ɗakin gwaji don hankalinsa ya kwanta. Ba ita ba ce. Amma da ta zo kan faratan fuskarta ta canza. Babu farcen da ya tsira, a yawancinsu ɓarnar ta ci duka, gindi da nama. Da ta matsa gaɓoɓin sai da ya cije leɓe. Ya ce da safe ba ya iya riƙe buta sai rana ta ɗaga.

"Baba, naka mai tsanani ne, ba zan ɓoye maka ba. Ciwon ya shiga gaɓoɓi, kuma su na fi ji, don farce na sake tsirowa, gaɓa kuwa in ta lalace ta lalace. Man shafawa ba zai isa ba. Sakkwato za ka je."

Hodi ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Mahaihinmu haka nashi ya yi. Ya rasu muna ware mishi akushi. Ke nan shi ma ba kuturu ba ne?"

Sista ta ce, "Wanda ban gani da idona ba, ba zan yanke masa hukunci ba. Zai iya zama wannan ɗin, tunda ga ku biyu. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

Hodi ya share ido da hannun riga, ya ce Allah ya ji ƙansa. Baiwa ta ce amin.

Maigandi ne ya raka shi Sakkwato. Aka ɗora shi a kan wata ƙwaya da ake sha sau ɗaya a mako, ana kiransa lokaci-lokaci a duba jininsa don maganin na da ƙarfi. Kumburin ya sauka a hankali. Bakin yatsu biyu sun riga sun lanƙwashe, haka suka zauna. Faratan wasu sun dawo da ɗan kyau, wasu ba su dawo ba. Saƙa mai ƙananan idanu ta gagare shi har abada, amma ya koma ƙulla taru mai manyan idanu da gyaran wanda ya yage, kuma masunta sun ci gaba da kawo masa aiki. Ranar da ya dawo cin abinci da 'ya'yansa maza a akushi ɗaya, Inno ta yanka zakara.

Na Baiwa bai taɓa barinta gaba ɗaya ba. Farcen babban yatsan dama ya manne da nama ya bar ɗan gefe a ɗage, sauran sukan yi kyau su sake ɓaci. Shekarar da ruwa ya cinye gonar Zauro, hankalin gidan ya tashi, ramukan suka dawo har a yatsun da suka warke. Ta je aka sake auna ta, aka canza mata mai, abin ya lafa. A bikin Zakiyya ta yi ƙunshi a tafin hannu da ƙafa, ta naɗe faratan da ƙyalle don kada lallen ya taɓa su, mata suna ta yi mata tsiya wai ta yi ƙunshin rowa.

Mutane sun riƙa zuwa rumfar suna nuna mata hannu a ɓoye, wata da farce baƙi, wani da farce mai kauri. Ba ta taɓa cewa ga ciwonsu ba, kuma ba ta taɓa ba kowa man shafawarta ba. Takan ce wanda ya yi kama da nata ma wani lokaci ba shi ba ne, sai an gwada, sannan ta kwatanta musu ɗakin da ke gefen asibiti. Masu jin kunya takan ce su zo ranar Talata da safe, ta raka su kafin ta ɗora tukunya.

Sista Cecilia ta yi ritaya ta koma Filato. Baiwa ta kai ta tasha da kwandon bandar kifi da buhun shinkafar Zauro, suka yi ta gardama da yaran mota a kan inda za a sa buhun. Rumfar zana ta zama shago mai rufin kwano, kuma Zakiyya ce ke riƙe da shi yanzu, da ma'aikata mata a ƙarƙashinta. Baiwa tana gida a Nasarawa, gwiwa ta hana ta doguwar tsayuwa, amma jikokinta na Argungu da na nan duk wurinta ake turo su hutu, gidan ba ya rabuwa da hayaniya.